Nauyin Wasa Mara Nauyi

Forbidden Island wasan allo ne da wani Ba'amurke mai suna Matt Leacock ya ƙirƙira, kamfanin Gamewright ya fitar da shi a 2010. Ma'anar sunan ita ce tsibirin da aka haramta shiga. Mutum biyu zuwa huɗu ke yin sa, yakan ci kamar rabin sa'a, kuma an tsara shi don ɗan shekara 10 zuwa sama. Abu biyu ake yawan faɗa idan za a gabatar da shi ga wanda bai san shi ba. Na farko, wasan haɗin gwiwa ne: 'yan wasan ba sa karawa da juna, ko dai su tsira tare ko su halaka tare. Na biyu, wasa ne mara nauyi. Bayanin farko a fili yake. Na biyun ne ke buƙatar a tsaya a kansa, domin mutanen da tsibirin ya nutse da su sau uku a jere ba za su yarda cewa abin da suka yi abu ne mai sauƙi ba, amma kuma ba za su musa cewa ba shi da nauyi ba.

Ba allo guda ake shimfiɗawa ba kamar na ludo. Fallaye 24 ne na kwali mai kauri, kowanne da zanen wani wuri da sunansa: haikali, kogo, lambu, fada, gada, hasumiya, fadama. Ana cakuɗa su a jera su layi shida, biyu a sama, sai huɗu, sai shida, shida, huɗu, biyu, saboda haka tsibirin yau daban yake da na jiya. Kowane falle fuska biyu gare shi, ɗaya mai launi, ɗaya shuɗiya. Idan ruwa ya shiga wuri, sai a kifa fallensa shuɗin ya koma sama. Idan ruwa ya sake shiga kafin a tsamo shi, ya nutse ke nan, a ɗauke fallen daga kan tebur a bar gurbinsa. Labarin da aka gina wasan a kai gajere ne. Wata tsohuwar daula ta ɓoye taskoki huɗu a tsibirin, ta ƙasa da ta iska da ta wuta da ta teku, ta kuma shirya shi yadda zai fara nutsewa da zarar baƙo ya nemi kwashe su. Aikin 'yan wasa shi ne su kwashi taskokin huɗu, su taru a filin jirgi mai saukar ungulu, su tashi. Sunan da aka ba filin jirgin yana nufin masaukar wawaye.

Idan yi ya zo kan mutum, abu uku yake yi a jere. Da farko yana da motsi uku da zai kashe yadda ya ga dama: ya matsa zuwa fallen da ke maƙwabtaka da shi, ko ya tsamo fallen da ruwa ya shiga, nasa ko na gefensa, ko ya miƙa kati ga wanda suke tsaye wuri ɗaya, ko ya ɗauki taska idan ya tara katunanta huɗu kuma yana tsaye a ɗaya daga wurare biyu da aka keɓe mata. Daga nan ya ja kati biyu daga tarin katunan taska. A ƙarshe ya buɗe katunan ambaliya gwargwadon inda ma'aunin ruwa ya kai, kowane kati ya ambaci wurin da ruwa zai shiga. Ba a riƙe fiye da kati biyar. Kowa kuma yana da sana'a ɗaya cikin shida, wadda ta ba shi izinin tsallake doka guda. Injiniya yana tsamo falle biyu da motsi ɗaya, matuƙin jirgi yana tashi ya sauka inda ya so sau ɗaya a yinsa, gwanin nutso yana ratsa wuraren da suka nutse, ɗan aike yana miƙa kati komai nisa, mai bincike yana tafiya a karkace ta kusurwa, jagora kuma yana matsar da wani maimakon kansa. Kusan dokokin ke nan gaba ɗaya. Wanda ya iya zai koya wa baƙo kafin shayi ya huce.

Masu sha'awar irin waɗannan wasanni a Turai da Amurka sun daɗe suna auna wasa da kalmar nauyi. Babban rumbun bayanan wasannin allo na intanet, BoardGameGeek, wanda aka kafa a 2000, yana da sikeli daga 1 zuwa 5, daga mara nauyi zuwa mai nauyi. 'Yan wasa ne ke jefa ƙuri'a, a ɗauki matsakaici. Forbidden Island bai kai 2 ba. Yayansa Pandemic, wanda Leacock ya fitar a 2008, yana tsakanin 2 da 3. Sai dai ba a ɗaure masu ƙuri'ar da ma'ana guda ba. Wani kaurin littafin dokoki yake dubawa, wani tsawon lokacin da yake ɗauka yana tunani kafin ya motsa, wani kuma yawan abin da sa'a ke yankewa. Shi ya sa Go, tsohon wasan Sin wanda dokokinsa ba su cika shafi guda ba, yake zaune sama da 3. Lamba ɗaya ce ake so ta ɗauki tambayoyi da yawa, kuma ba za ta iya ba.

Kalmar ta sauka cikin Hausa ba tangarɗa, har ma ta tarar da ma'anonin da suka fi sikelin faɗi. Akwai nauyin kaya, wanda ake naɗa wa gammo. Akwai nauyin da ake ɗauka na iyali ko na amana, wanda ya rataya a wuya, wanda mutum ke fatan ya sauke. Akwai kuma jin nauyin mutum, wato kunya da girmamawar da ke hana a faɗa wa wani abin da ke bakin mai magana. Sikelin masu wasa na farkon ya fi aunawa: yawan abin da dole mutum ya ɗora a kansa ya riƙe kafin ya iya zama a tebur. Ta wannan fuska Forbidden Island sakayau yake, kuma ba dokoki kaɗan kawai suka sa haka ba. Labarin da zanen ne ke yin aikin gammo. Ba sai an gaya wa kowa dalilin da ya sa ba a taka wurin da ya nutse ba, ko dalilin da ya sa gwanin nutso shi kaɗai yake ratsawa, ko abin da katin buhun yashi da ke cikin wasan yake yi wa ruwa. Dokar da ta dace da abin da mutum ya riga ya sani game da duniya ba haddarta ake yi ba, gane ta ake yi. Leacock ya shafe shekaru yana aiki a kamfanonin kwamfuta irin su Netscape da Yahoo, yana tsara yadda mutum zai yi amfani da manhaja ba tare da ya ruɗe ba, kuma hannun wannan sana'a a bayyane yake a wasan.

Inda ruɗani ke shigowa shi ne, Hausa ba ta cika amfani da suna guda na kishiyar nauyi ba. Akan ce mara nauyi, ko kuma a ari sauƙi. Amma sauƙi gidansa daban. Mara lafiya ya samu sauƙi, kaya sun yi sauƙi a kasuwa, wane mai sauƙin kai ne: a duk waɗannan, wani abu ne da ke matsa wa mutum ya sassauta, kuma kishiyarsa tsanani ne ko wuya. Wasan da kansa ya raba gardamar. Yana da matakan wahala huɗu, daga na ɗan koyo zuwa na gwanin gwanaye, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne kawai layin da ake ɗora alamar ruwa a farkon wasa. Ba a ƙara doka ko ɗaya ba, ba a ƙara kati ba. A matakai biyu na ƙasa ana farawa da buɗe katin ambaliya biyu a kowane yi, a biyu na sama ana farawa da uku. Wuya ta ninka, nauyi bai motsa ba. Hanyar nasara ɗaya ce tak, hanyoyin faɗuwa huɗu: wurare biyu na wata taska su nutse kafin a ɗauke ta, ko filin jirgi ya nutse, ko wuri ya nutse da mutum ba shi da inda zai yi iyo ya fita, ko alamar ruwa ta kai hoton ƙoƙon kai da ke ƙololuwar ma'auni.

Zurfi kuma wani abu ne na uku. Mai dara ya san shi. Gurabe talatin, 'ya'ya goma sha biyu-biyu, a jera uku a ci ɗaya. Yaro zai kama dokar da yamma guda, amma dattijon da ya shekara arba'in a gindin bishiya yana yi zai ci gaba da cinye shi har ya yi gemu. Zurfi shi ne tazarar da ke tsakanin wanda ya san doka da wanda ya san wasa. A nan dole a faɗi gaskiya game da Forbidden Island: zurfinsa matsakaici ne. Akwai abin koyo, amma ana iya taɓo ƙasansa.

Hanya mafi kyau ta ganin yadda aka rage masa nauyi ita ce a ajiye shi kusa da Pandemic, domin ƙashin bayansu ɗaya. A Pandemic taswirar duniya ce mai birane 48 da cututtuka huɗu, kowane ɗan wasa yana da motsi huɗu, yana riƙe kati har bakwai, yana neman biyar masu launi ɗaya don samo magani. Birni yana iya ɗaukar ƙwayar cuta ɗaya ko biyu ko uku, idan ta wuce haka ta fantsama zuwa maƙwabta, maƙwabtan ma su fantsama. Miƙa kati kuwa sai an haɗu a ainihin birnin da katin ya ambata. Leacock ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya ya sassabe. Birane 48 suka koma fallaye 24. Ƙidayar ƙwayoyi ta koma kifa falle, ko dai a bushe yake ko a jiƙe ko babu shi. Fantsama ta tafi gaba ɗaya. Miƙa kati ya zama tsayuwa wuri ɗaya kawai. Abu guda ne bai taɓa ba, kuma shi ne zuciyar wasannin biyu: dabarar mayar da katunan da aka riga aka buɗe saman tari.

Nan ne ake shiga maganar yadda wasan yake a jiki. Hausa ta yi sa'ar fi'ilin ji, wanda ya haɗa kunne da hanci da harshe da fata da zuciya: ana jin magana, ana jin ƙamshi, ana jin sanyi, ana jin tsoro, ana kuma cewa an ji don nufin an fahimta. Jin wasa ya ƙunshi duk wannan. Akwai na hannu: kaurin falle idan an kifa shi, 'yan gumakan taskoki huɗu na roba da yaro ke son ya riƙe tun kafin a ci su, ƙarar murfin gwangwanin da aka zuba wasan a ciki. Akwai na ido: tsibiri mai launi yana komawa shuɗi, sannan ya fara yin giɓi, har itacen tebur ya riƙa leƙowa ta tsakiyarsa. A yawancin wasanni allo cika yake yi yayin da wasa ke tafiya. A wannan raguwa yake yi, kuma ba a buƙatar kowa ya duba maki don ya san halin da ake ciki.

Amma babban jin na ƙirji ne, kuma lissafi ne ƙarami ya haife shi. Motsi uku gare ka, in ji dokar, kuma tsamo falle motsi ɗaya yake ci. Muddin katin ambaliya biyu ake buɗewa, mai yi zai iya gyara ɓarnar da ta gabata ya rage motsi ɗaya na neman taska. Idan ruwa ya kai uku, gyaran kaɗai zai cinye yin gaba ɗaya, wannan ma idan wuraren suna kusa. Idan ya kai huɗu ko biyar, gyara ya gagara. Babu inda dokoki suka ce a sadaukar da wani yanki na tsibiri, amma kowace ƙungiya tana isa wurin da wani zai ce a bar wancan gefen ya tafi. Sabbin shiga sukan ɓata rabin wasa suna tsamo duk abin da ya jiƙe, saboda ganin shuɗi yana tayar musu da hankali. Darasin farko da wasan ke koyarwa shi ne cewa ba kowane wuri ne ya cancanci ceto ba: filin jirgi, da wuri ɗaya na kowace taskar da ba a ɗauka ba, da hanyar da ta haɗa su.

Sai dai sadaukarwar ma da kuɗinta. Cikin katunan taska 28, ashirin na taskoki ne, biyar-biyar, uku na jirgi, biyu na buhun yashi, uku kuma na hawan ruwa. Duk wanda ya ja katin hawan ruwa, sai a ɗaga alama layi ɗaya, a tattara katunan ambaliyar da aka riga aka buɗe, a cakuɗa su, a ɗora su a saman tari. Ma'anar wannan ita ce wuraren da ruwa ya taɓa shiga su ne zai fara komawa. Tun kafin kowa ya motsa an riga an jiƙa wurare shida a shirin wasa, saboda haka katin hawan ruwa na farko, ko da a yin farko ya fito, yana da abin da zai nutsar. Kuma duk fallen da ya nutse, katinsa ma fita yake yi daga wasa. Tarin ambaliya yana ƙanƙancewa, sauran wuraren suna zagayowa da sauri. Yankin da aka bari ya tafi ɗazu, katunansa ne da suke tare wa filin jirgi ruwa. Wannan shi ya sa ƙarshen wasa ke zuwa da gudu, kamar gangara. Kuma shi ya sa ambaliyar ba ta zama caca zalla ba: katunan da aka buɗe a fili suke, wanda ya lura zai san waɗanda suka rage a sama. Tsoron da wasan ke sa wa mutum tsoron abin da ya san yana tafe ne, bai dai san ko yanzu ne ko an jima ba.

Harshen wasa a Hausa harshen ci ne. A dara ana cin ɗa, a karta ana cinye mutum, a kokawa da dambe ma ana tambayar wa ya ci. Fi'ilin yana neman mai ci da wanda aka ci, kuma dukansu mutane ne masu fuska. A teburin haɗin gwiwa tambayar takan rasa inda za ta sauka. Idan an yi nasara, an ci ba tare da an ci kowa ba. Idan an faɗi, amsar da ta fi dacewa ita ce wadda Hausa ta riga ta tanada don wanda ya nutse a kogi: ruwa ya ci su. Abokin karawar tarin kati 24 ne, ba shi da niyya, ba ya fushi, ba ya murna. Duk da haka 'yan wasa sukan yi maganarsa kamar mai rai, su ce ya dawo, ya tsane su, ya ɗan yi musu rangwame. Faɗuwa a hannunsa ba ta barin ɗacin da faɗuwa a hannun ƙani ke bari, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa iyaye ke son irin wasan. Tun 1986 kamfanin HABA na Jamus ya fitar da Obstgarten, inda ƙananan yara ke haɗuwa su tsinke 'ya'yan itatuwa kafin hankaka ya iso. A 2000 Reiner Knizia ya nuna da wasansa na Lord of the Rings cewa manya ma za su zauna su yi irin wannan da gaske.

To ina nauyin da aka cire daga dokoki ya tafi? Misali ɗaya zai nuna. A ce uba da 'ya'yansa biyu suna yi, ruwa ya kai uku. Ɗaya daga fadoji biyu na taskar teku ta nutse, ɗayar a jiƙe take, filin jirgi ma a jiƙe. Yarinyar ce da yi, ita ce ɗan aike, tana tsaye tsakanin wuraren biyu, tana riƙe da katin teku biyu. Yayanta, gwanin nutso, shi ma yana da biyu, shi ne mai yi bayanta, kuma a kan fadar yake tsaye. An mayar da kati goma saman tari ba da daɗewa ba, an buɗe uku, saura bakwai, kuma fadar da filin jirgin duk suna cikin bakwai ɗin. Idan ta miƙa masa katunan biyu, ta tsamo wuri ɗaya da motsin da ya rage, zai ɗauki taskar a yinsa, amma wurin da ta bari yana da kashi uku cikin bakwai na nutsewa yanzun nan, in dai ba ta ja katin hawan ruwa ba, kuma nutsewarsa ƙarshen wasa ne. Idan ta tsamo duka biyun ta miƙa kati ɗaya, an tsira a wannan yin, amma taskar sai an sake zagayowa, ruwa kuma ba ya jira. Yatsanta yana kan ɗanta na wasa, tana duban katunan da aka buɗe tana ƙirgawa a hankali. Uban ya ga amsar tun kafin ta fara ƙirga. Yayan ya ce, "Ki ba ni kawai, zan ɗauka." Ta ɗago ta ce, "Baba, in ba shi?"

Abin da uban zai yi a wannan daƙiƙa ba ya cikin littafin dokoki, amma shi ne zai yanke irin wasan da ake yi. Dokar ta ce kowa ya ajiye katunansa a buɗe a gabansa. Babu sirri, babu abin da wani ya sani wanda wani bai sani ba. Saboda haka mutum ɗaya zai iya riƙe dukan 'ya'yan wasan ya yi shi kaɗai, kuma da yawa suna yin haka. Nan ya bambanta da gayya. A gayya hannuwa ake nema, domin gona ta fi ƙarfin fartanya ɗaya, kuma ba mai iya riƙe fartanyar wani ya yi masa noma. A wannan wasa aikin duka shawara ce, shawara kuwa kai ɗaya yana iya yanke ta. Masu wasa sun san wannan ciwo sosai, har sun ba mai yin sa suna, suna kamanta shi da ɗan wasan ƙwallon Amurka da ke rarraba wa kowa umarni a fili. Da Hausa babakere ne: mutum ya zama uwa ya zama makarɓiya, sauran su koma masu matsa masa 'ya'ya. Mafi yawan masu yin haka ba mugunta ke sa su ba. Sun ga ruwa tafe, sun ga mafita, shiru ya gagare su. Rashin nauyin wasan ma yana ƙara abin, domin da dokokin sun fi haka yawa, da kai ɗaya bai iya riƙe yin kowa ba.

Nauyi na biyu da na uku ke nan suka bayyana. Yarinyar tana ɗauke da nauyin mutum uku a motsi uku; kuskurenta ba ita kaɗai zai ci ba, abin da ba ya faruwa a ludo. Jin nauyi kuma yana aiki ta fuska biyu. Idan ya yi yawa daga ƙasa zuwa sama, ƙarami ya ga kuskuren babba ya yi shiru, sabon shiga ya bi abin da aka ce ko da ya hango wanda ya fi, ƙungiyar ta rasa ido ɗaya. Idan ya yi kaɗan daga sama zuwa ƙasa, gwani ya daina jin nauyin yin wani, ya miƙa hannu ya matsar da ɗan da ba nasa ba. Teburin da wasan ke yi wa daɗi shi ne wanda uban zai ce, "Kati nawa suka rage a sama?" ya bar ta ta ƙarasa ƙirgarta, ya kuma yarda cewa wataƙila ta zaɓi kasada, wataƙila ruwa ya ci su. Rabin sa'a ce kawai. Ana iya sake jera tsibirin. Gajartar wasan ita ce ke sa wannan haƙuri ya yi araha.

Wasu masu ƙirƙira ba su bar maganar ga halin mutane ba, sun sa maganinta cikin doka. A Hanabi, na Bafaranshe Antoine Bauza, wanda shi ma ya fito a 2010, kowa yana riƙe katunansa a juye, kowa na ganinsu ban da shi, kuma ba a gaya masa komai sai launi ko lamba, shi ma da 'yan alamomi takwas da ake kashewa. A The Mind na Wolfgang Warsch, 2018, ana jera katuna masu lamba 1 zuwa 100 daga ƙarami zuwa babba ba tare da magana ba sam. A The Crew na Thomas Sing, 2019, mutum kati ɗaya kawai zai nuna a kowane aiki cikin ayyuka 50. Duk sun toshe bakin gwani ta hanyar ɓoye masa wani abu. Alƙalan Spiel des Jahres, babbar kyautar wasannin allo ta Jamus wadda aka fara bayarwa a 1979, sun nuna son wannan fanni: Forbidden Island ya shiga ukun ƙarshe a 2011, Hanabi ya ci a 2013, Just One a 2019, Dorfromantik a 2023, Sky Team a 2024, duka na haɗin gwiwa. Amma abin da waɗancan wasanni na shiru suka samu, sun biya shi da hira. Daɗinsu na karanta zuciyar wani ne. Daɗin Forbidden Island na shawara ne a fili, kawuna a haɗe bisa tebur, kowa na nuni da yatsa, kuma don haka ya fi su dacewa da koyar da yaro ko baƙo, tunda ana iya taimakonsa ba tare da an karya doka ba.

Ga waɗanda suka saba, wasan yakan kai inda ya daina ba da mamaki. Bayan an gane wuraren da za a kare, an koyi kada a zubar da kati biyu na taska ɗaya tunda biyar ne kawai kuma huɗu ake nema, an koyi adana buhun yashi don filin jirgi, sai abin da ya rage ya zama yadda fallaye suka faɗi da lokacin da katunan hawan ruwa suka fito. Sana'o'in ma ba daidai suke ba. Ƙungiyar da ta samu injiniya da matuƙin jirgi ta fi numfashi. Leacock ya bi wannan da Forbidden Desert a 2013, inda yashi ke taruwa, guguwa ke matsar da fallaye, kowa kuma yana lura da ruwan gorarsa, sannan Forbidden Sky a 2018 da Forbidden Jungle a 2023. Kowanne ya ƙara wani abin riƙewa a kai.

Ƙarshen wasa yana da sharaɗin da sabbin shiga kan manta. Ɗaukar taskoki huɗu bai isa ba. Dole kowane ɗan wasa ya iso filin jirgi, ba a barin kowa a baya, sannan dole wani ya kasance yana riƙe da ɗaya daga katunan jirgi uku ya jefa shi. Katin nan kuwa shi ne mafi amfani a tsakiyar wasa, domin yana kwasar mutum ko mutanen da ke wuri ɗaya ya kai su ko'ina ba tare da an kashe motsi ba, kuma yana cin gurbi ɗaya cikin biyar na hannu muddin ana ajiye da shi. Ƙungiyar da ta kashe duka ukun sai ta tsaya a filin jirgi da taskokinta, tana tsamo falle ɗayan nan a kowane yi, tana jan kati bibbiyu tana jiran na jirgi ya sake zagayowa, alhali katunan hawan ruwa uku suna cikin tarin da take ja.